Fuskar Yayana a Katin Amurkawa

Aikina a Riyad kwashe kayan gidajen mutane ne. Idan Bature ya gama kwangilarsa zai koma ƙasarsu, kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya je ya saye duk abin da ke cikin gidan a dunƙule, daga firij har tsintsiya, mu kuma mu zo da mota mu loda mu kai haraj, wato babbar kasuwar gwanjo da ke kudancin gari. Abin da ya sayu ya sayu. Abin da ya yi kwantai, ni ake ce wa in kai bola. Na daɗe a wannan aiki, har na kai idan na shiga gida na shaƙi iskarsa ina iya gane ko masu shi sun yi zaman daɗi a ciki.

A cikin irin wannan kwantai na tsinci kwalin farko. Ɗan ƙarami ne, gefensa ya cinye, an ɗaure shi da roba da ta narke ta manne a jikinsa. Na buɗe ne kawai don in ga ko akwai abin moriya. Sai na tarar da katuna kamar na karta, amma maimakon alamomin da muka sani, mutane aka zana da fenti, kowa sanye da hular hana-sallah. Wani ya ɗaga kulki, wani ya sa wata ƙatuwar safar hannu kamar faifai, wani ya tsuguna ya rufe fuska da raga. Akwai kuma wata takarda mai kauri da ake ninkewa, an zana fili a kanta, da 'yar ƙwaya irin ta ludo. Wani ɗan Filifin da muke lodi tare ya leƙo ya ce mini wasan Amurkawa ne, besbol, ƙwallon da ake bugu da kulki, wannan kuwa na zaune ne, yara da tsofaffi ke yi a kan tebur tun kafin a haife mu. Na ce to madalla, na ɗaga hannu zan wurga shi cikin mota tare da sauran shara.

Katunan suka zube a ƙasa. Ina tattarawa na ga shi.

Duk Turawa ne sai shi kaɗai baƙi. Ya ɗora kulki a kafaɗa, ya ɗan karkata kai, yana murmushi da gefen baki. Babu suna a jiki, sai wata kalma ta wasan a ƙasa. Na tsaya a tsakiyar titi rana tana dukana, direba yana danna oda yana cewa yalla, yalla, ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Yayana ne. Haka yake tsayawa a bakin zaure da gatari a kafaɗa idan ya dawo daga daji, ya karkata kai yana neman abin da zai tsokane ni da shi.

Shi ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye da ke arewacin Katsina. Sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara, yana saurayi, ni kuwa ko gemu ban fara ba. Bai bar hoto ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya son hoto ko kaɗan. Idan mai hoto ya zo ƙauye ranar sallah ya kafa labulensa, yaran kowane gida su je, mu sai dai mu tsaya daga nesa muna haɗiyar yawu. Saboda haka da aka kai yayana makwancinsa, fuskarsa ba ta rage ko'ina ba sai a kawunanmu. Ni kuwa nawa kan ya riga ya fara yoyo. Kafin ranar nan a titi, idan na rufe ido na neme shi, sai in ga rigarsa, in ga tafiyarsa, in ji dariyarsa, amma fuskar sai ta riƙa zillewa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, domin abin kunya ne mutum ya manta kamannin wanda ya goya shi.

Na cusa kwalin cikin riga na hau mota.

Muna zaune a unguwar Manfuha, a wani tsohon bene, maza cike da ɗaki, gado bisa gado, esi yana gurnani kamar injin niƙa amma sanyin bai wuce bakin taga ba. Gadona ne na jikin tagar. A nan nake jingina katin kowace safiya kafin in fita, in dube shi in ce, to yaya, na tafi neman abin duniya. Da farko a aljihu nake yawo da shi, sai na ga gumi ya fara cin kusurwarsa, na daina. Waya kuma a lokacin 'yar ƙarama gare ni mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Ko da tana ɗauka ban jin zan ɗauka. Abin yana hannuna, ban ga inda za shi ba.

Daga nan cutar ta kama ni. Na ce a raina, wanda ya zana mutumin nan sau ɗaya ai zai iya zana shi sau biyu, wataƙila a wani kwalin yana kallon gaba sosai, ko yana dariya haƙora waje. Sai na fara tara kwalayen. Duk gidan da muka shiga, ni ne mai fara leƙa saman kabad da ƙarƙashin matakala. Ranar Juma'a da yamma, abokai suna barci ko suna hira da iyali, ni ina haraj ina tonon tarkace. Na samu iri-iri: mai kibiya da ake juyawa, mai katuna zalla, wanda aka sa hotunan 'yan wasa na gaskiya, wanda ɓera ya ci rabi. Har yau ban iya wasan ba. Ban san me ya sa ake gudu ba, ban san wa ke cin wa ba. Amma na san warin tsohuwar takardarsu, na san wanne ne cikakke wanne ne aka yi wa giɓi, kuma idan na samu cikakke ina jin daɗi kamar na yi wani abin kirki a duniya. Masu tebur a haraj suka san ni. Wani ɗan Yaman mai sayar da tsofaffin rediyo, da ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ma fi, ya sadik, yau babu mutanenka." A cikin duk abin da na tara ban sake gamuwa da mutumin nan ba.

Mai riƙe da hayar gidanmu wani direba ne ɗan ƙasarmu, muna ce masa mudir, wato manaja, don tsokana, shi kuma ya ɗauki sunan da gaske. Ba mugu ba ne, sai dai yana zuwa darasi a masallaci, kuma duk abin da ya ji da yamma sai ya sauke mana shi kafin ya huce. Wata rana ya tsaya a kaina ya nuna taga.

"Malam, wannan fa ba zai yiwu ba. Muna nafila a ɗakin nan, muna karatu. Mala'ikun rahama ba sa shiga inda ke da hoto, kai kuma ka tara mana gari guda a ƙarƙashin gado."

Na ce, "Mudir, iƙamar da ke aljihunka, takardar zamanka a ƙasar nan, hoton wa ke jiki? Ko ita a waje kake kwanar da ita?"

"Wannan lalura ce."

"To ni ma tawa lalurar ke nan."

"Wace lalura ce a hoton ƙattin Amurka?"

Da na ce masa yayana ne, da wataƙila magana ta ƙare. Amma yaya mutum da furfura a gemu zai buɗe baki a gaban maza ya ce ɗan'uwansa yana jikin katin wasa? In na faɗa, kafin la'asar labari zai kai ƙauyenmu cewa Saudiyya ta taɓa mini kai. Na yi tsaki na juya masa baya. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, ko kwalaye su fita ko mu fita tare.

Akwai wani dattijo a ɗakin, mutumin Damagaram, yana wankin mota a wajen Al-Ud. Baba muke ce masa. Shi ne mai dafa mana shayi, shi ne mai raba faɗa, kuma tun ranar da na zo gidan ya ɗauke ni kamar ɗan cikinsa. Idan na yi zazzaɓi shi ke hana kansa fita. Da mudir ya fita, Baba ya miƙo mini kofi ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Ba wanda za shi fidda kai ina nan."

A makon ne kafili ya tura mu garin Kharj kwashe wani gidan gona, muka yi 'yan kwanaki a can. Ban damu ba. Na san mudir, baki ne da shi, ba zai taɓa kayan mutum ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na dawo, jikina duk ƙura. Na tarar da Baba zaune a kan tabarma yana jirana, fuskarsa cike da fara'a, ga shayi ya riga ya haɗa. Kwalayena suna jere a kan gadona, an share musu ƙura, an tsara su daga babba zuwa ƙarami. Yatsunsa na lura da su, sun yi baƙi ƙirin.

Ya ce, "Na gyara maka, ɗana. Magana ta ƙare. Na je na tambayi wani ɗalibi, ya ce in aka shafe kai, to ba hoto ba ne kuma. Mudir da kansa ya duba ya ce halas, su zauna."

Na buɗe kwalin da ke sama. Ya samo alƙalamin nan mai kauri da muke rubuta suna a jikin kaya idan za a aika gida. Kowane kati ya bi shi, ya yi wa fuskar baƙin da'ira, tsaf, bai taɓa hula ba, bai taɓa riga ba. Mutumin da idonsa ba ya ganin lambar mota sai ya matsa, ya zauna ya bar aikinsa na kwanaki yana wannan saboda ni. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Na dubi taga.

"Shi na fara yi," in ji Baba. "Na ga kana ji da shi, sai na yi mashi da kyau, na maimaita."

Ina da zuciya, kowa a gidan ya sani. Na taɓa fasa gilashin mota da hannu saboda maganar da ba ta kai wannan ba. Amma ranar na dubi tsohon nan da baƙaƙen yatsunsa yana jiran in yi murna, na rasa inda zan sa fushina. Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya ce amin, ya tura mini kofi. Na shanye shayin nan yana ƙona mini harshe.

Da ya fita, na ɗauki katin na shiga banɗaki na kulle. Na ɗiga turare a auduga na goga a hankali. Baƙin ya ɗan motsa, na ƙara. Sai ya bazu ya sauka har wuya. Na ƙara gogawa da ƙarfi, takardar ta jiƙe ta fara murmushewa a ƙarƙashin yatsana. Da na ɗaga auduga, babu baƙi babu fuska, sai wani farin gurbi tsakanin hula da kafaɗa. Na zauna a kan bokiti na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, tun da na samu katin na daina wahalar tuna yayana. Na bar wa takarda aikin. Da safe in duba, in gan shi, shi ke nan. Yanzu da na rufe ido na neme shi, ko zillewar da yake yi a da babu. Ina ganin hular hana-sallah, wadda bai taɓa sawa ba a rayuwarsa, da farin gurbi a ƙarƙashinta. Ina iya lissafa maka da baki: yana da wushirya, goshinsa da faɗi, girarsa ta hagu ta fi ta dama ɗagawa. Amma in na haɗa su ba sa zama kowa.

Ban taɓa gaya wa Baba ba. Da ƙarfinsa ya ƙare aka buga masa bizar fita ta ƙarshe ya koma Damagaram, yana ganin ya yi mini alherin da ba zan manta ba, kuma gaskiyarsa, ban manta ba. Har yanzu yakan aiko da saƙon murya ta wayar jikansa, ya gaishe ni, ya ce yaya mutanenka na kwali, suna nan lafiya? In ce suna nan, Baba, suna gaishe ka.

Na ci gaba da nema, amma yanzu kwali ɗaya nake nema, irin na farkon. Shekaru suka yi ta wucewa. Mudir ya yi aure ya tashi, aka canza mutanen ɗakin kaf, ni ina nan a gadon taga. Fasfona yana wajen kafili, hutu kuma kullum sai an gama wannan aikin, in an gama sai wani ya taso. Gidajen da muke kwashewa ma sun canza. Turawan yanzu ba sa barin irin waɗannan abubuwa, sai wayoyin caji da allunan talabijin da injin motsa jiki da ba a taɓa hawa ba. Sabbin kwalayen da nake samu jifa-jifa ba na kawo su gida, ina naɗe su a leda in ɓoye a siton kafili bayan tsofaffin katifu. Wata rana da kewa ta yi mini yawa na ba ƙanwata labarin a waya, na roƙe ta ta riƙe a cikinta. Ba ta riƙe ba, ta gaya wa Inna.

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ko yana raye ko bayan ransa. Ɗan fari ne, kuma ita ta mutanen da ce. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, idan ya shigo ta kawar da kai, idan za ta aike shi sai ta ce da ni, gaya wa wancan ya ɗebo ruwa. Ranar da ya rasu ma ba a ga hawayenta ba. Saboda haka na yi mamaki da ƙanwata ta ce, tun da Inna ta ji labarin, duk sanda aka ce na kira sai ta tambaya a hankali, ko ya samu takardar nan?

Bara, wata safiya, ɗan Yaman ɗin nan ya kira ni. Ya tsufa shi ma, rediyo sun daina sayuwa, ya koma tarkacen kicin. Ya ce, "Ta'al, ya sadik, zo ka gani, kamar mutanenka ne." Na bar lodi a rabi na tafi, direba yana zagina.

Shi ne. Kwalin iri ɗaya, launi ɗaya, ya ma fi nawa lafiya. Na zare katunan ina wucewa ɗaya bayan ɗaya, mai safar hannu, mai tsuguno, mai gudu. Sai ga shi. Kulki a kafaɗa, kai a karkace, murmushi a gefen baki, fuska fes ba ko ɗigo.

Na dube shi. Na matsa inuwa na sake dubawa. Na goge idona da hannun riga. Wani baƙin mutum ne mai fara'a, an zana shi da kyau. Na jira abin nan da ya riƙe mini ƙafa a titi ya sake zuwa, bai zo ba. Bakinsa a rufe yake, wushiryar da na rantse na sha gani a katin farko babu ita. Girarsa daidai suke. Ko dai shi ne ni na manta, ko kuwa tun farko ba shi ba ne, kewa ce ta sa na ga abin da nake so. Ba ni da abin da zan auna da shi, domin wanda ke cikin kaina ya riga ya tafi. Ɗan Yaman yana ta tambaya, "Huwa? Shi ne?" Na gyaɗa masa kai don ya ƙyale ni.

Na so in yi shiru da maganar. Amma Juma'ar da ta biyo na kira gida, yanzu ina da babbar waya muna ganin juna, ƙanwata ta ga fuskata ta ce me ya faru, na faɗa mata. Kafin in hana ta, ta ruga ɗakin Inna.

Inna tana zaune a bakin gado, ta rame, yanar ido ta rufe mata idanu biyu sun yi fari. Ƙanwata ta kai wayar dab da fuskarta, ni kuma na ɗaga katin na cika allon da shi. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin.

Ta ce, "Ba na ganin komai sai haske."

Na ce, "In na zo zan kawo miki, Inna, ki riƙe a hannu."

Ta san zuwana, kullum a baki yake. Sai ta ce wa ƙanwata ta ba ta wayar ta fita. Na ji an ja ƙofa. Ta rage murya kamar mai tsoron a ji ta.

"Ni fa ban taɓa ƙare masa kallo ba. Kunya ta hana. Ina cewa akwai lokaci, sai ya yi aure ya haihu in riƙa kallonsa ta gefe. Kai ne kullum kana manne da shi, kai ka san fuskarsa." "Ya yi kama da shi?"

Na dubi mutumin da ke hannuna, yana ta murmushinsa.

Na ce, "Shi ne sak, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To ka adana shi da kyau, kar ka bari wani abu ya same shi."